Kurkukun da Babu Alƙali: Halin 'Yan Ci-Raninmu a Gidajen Tsare Baƙi

Ina gai da iyayenmu mata, da matasa, da 'yan'uwan da suka taso daga Talata Mafara da Bakura da Maradun suka zo Jangebe duk da halin da hanya take ciki. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Mutumin da alƙali ya ɗaure wata shida a gidan yarin Gusau yana cikin baƙin ciki, amma yana da abubuwa uku a hannunsa. An faɗa masa laifinsa. An faɗa masa ranar fitarsa. Sunansa kuma yana cikin littafi, matarsa tana iya zuwa bakin ƙofa ta kai masa fura. Mutumin da zan yi magana a kansa yau ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Bai yi sata ba, bai zubar da jini ba. Bizarsa ce ta ƙare, ko ya shiga ƙasar mutane ta bayan gida, ko kuma takardunsa lafiya lau suke amma launin fatarsa ya sa ɗan sanda bai tsaya dubawa ba. Aka jefa shi mota, aka kai shi wani gini, aka rufe. Babu alƙalin da ya gan shi. In ya tambayi mai gadi yaushe zai fita, mai gadin ma bai sani ba.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen nesa ne. Tun kakanni muna ci-rani: a gama girbi a tafi, a dawo da saukar ruwa. Abin da ya canza shi ne yanzu gonar ma ba ta shiguwa a wurare da yawa, sai da izinin 'yan bindiga. Wanda ba shi da fili a noman rani na Bakalori, ina zai nufa? Sai ya bi ta Sakkwato da Illela da Ƙwanni da Tawa, ko ta Jibiya da Maraɗi da Damagaram, duk mahaɗa Agadas. Daga can hanya ta rabu biyu: ɗaya ta Arlit zuwa Aljeriya, ɗaya ta Dirku zuwa Saba a Libiya. Ta uku kuwa ta sama ce, daga Kano zuwa Jidda da bizar Umara, a ƙi dawowa. A ƙarshen kowace ɗaya cikin hanyoyin nan akwai ginin da aka tanada domin irinmu.

Bari in fara da Saudiyya, don ita muka fi sani, kuma ita muka fi jin nauyin faɗin gaskiya a kanta. Kowa a nan ya ji sunan Tarhil, gidan tsare baƙin da za a kora gida. Babban gidan yana Shumaisi, a kan hanyar Jidda zuwa Makka, wato hanyar da alhazai ke bi suna talbiyya. Can ake tara waɗanda aka kama babu igama (takardar zama), da masu talla da bara a kewayen Harami, da 'yan aikin gida da suka gudu daga wurin kafili. Wannan na ƙarshen yana buƙatar bayani. A tsarin kafala, zaman baƙo a ƙasar yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Idan maigida ya hana 'yar aiki albashin wata biyar, ta gaji ta fita, shi ne zai riga ta zuwa wurin hukuma ya ce ta tsere. Daga wannan rana ita ce mai laifi. Albashin kuwa, sau da yawa, ya bi ruwa.

A Disambar 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wani gidan tsare baƙi a Riyad. Waɗanda ke ciki sun ce cunkoso ya kai ba kowa ke samun wurin miƙe ƙafa a lokaci ɗaya ba, wasu su kwanta da rana wasu da dare, kuma masu gadi suna dukansu da sandunan ƙarfe masu rufin roba. A cikin annobar korona ake wannan. Wata guda bayan haka, a Janairun 2021, bidiyon 'yan Nijeriya da ke tsare a Saudiyya ya bazu a wayoyi: mutane kwance jere a ƙasa, jiki na gogar jiki, suna roƙon gwamnati ta zo ta kwashe su. Kafin watan ya ƙare jirage suka sauke ɗaruruwansu a Abuja. Ku riƙe wannan a zuciya: watanni suna ciki shiru, bidiyo ya fito, cikin kwanaki jirgi ya samu.

Manyanmu za su tuna Satumbar 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kusan dubu ɗaya a filayen jirgin Jidda da Madina saboda ba su tare da muharrami. Da bizarsu, da kujerarsu da suka biya, wasu sun sayar da shanu kafin su biya ta. Suka yi kwanaki a filin jirgi, aka dawo da ɗaruruwa gida. Nijeriya ta dakatar da jigila, Shugaba Jonathan ya naɗa tawaga ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, aka sasanta, aka mai da su suka sauke farali. Shekara goma bayan haka Saudiyya da kanta ta sanar cewa mace tana iya Hajji da Umara ba tare da muharrami ba. Dokar da ta sa tsofaffin mata suka kwana a kan tayil ta zama tarihi. Amma abin da nake so a lura da shi, su waɗannan matan suna da hukumar alhazai, sunayensu suna rubuce jiha-jiha, shi ya sa ƙasa ta tashi. 'Yar aikin da aka kama a lungun Jidda wa ya rubuta sunanta?

Aljeriya kuwa salonta daban: ba ta cika daɗewa da mutum a ɗaki ba, hamada take miƙa wa shi. Ana kame a wuraren gini da gidajen haya da kan titi, a biranen arewa irin su Aljas da Oran. A tara mutane, a zuba su a motoci, a yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Tamanrasset, a tsare su can, sannan a kwashe su a manyan motoci zuwa iyaka. Waɗanda suka dawo suna ba da labari iri ɗaya: an karɓe waya, an karɓe kuɗi, ba a bar mutum ya koma ɗakinsa ya ɗauki kayansa ba, balle ya karɓi ladan aikinsa wurin ɗan kwangila. 'Yan Nijar ana kai su har garin Asamaka, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014. Sauran baƙi, har da 'yan Nijeriya, ana sauke su a wani fili da ake kira Point Zero, a nuna musu kudu da hannu. Daga nan zuwa Asamaka kilomita 15 ne a ƙafa, cikin rairayi, babu bishiya, babu rijiya, da mai ciki da mai goyo. Wanda ya kauce wa hanya shi ke nan.

A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an zubar da mutum sama da 13,000 a hamada ta wannan hanya cikin wata 14. Abin bai ragu ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda 'ya'yanta ke zagaya wannan fili da babura masu ƙafa uku suna tsinto waɗanda suka faɗi, ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai. Asamaka ƙaramin gari ne. A farkon 2023 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi kukan cewa dubban mutane sun taru a can, sansanin Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, ya cika ya batse, mafi yawa suna kwana a titi. Yarjejeniyar 2014 ɗin ma tana da asali mai ɗaci. A Oktobar 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu daga yankin Kance na Damagaram. Hausawa ne kamarmu, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

Yanzu Libiya, inda zan ɗan jima, don nan ne tsarewa ta zama sana'a.

Doka mai lamba 19 ta shekarar 2010, tun zamanin Gaddafi, ta mai da shiga ƙasar ba izini laifin da ake ɗaure mutum a kansa tare da aikin wahala, kuma ba ta ƙayyade tsawon ɗaurin ba. Bayan faɗuwar gwamnati a 2011, gidajen tsarewar suna ƙarƙashin wani sashe na Ma'aikatar Cikin Gida a takarda, amma makullan da yawa suna hannun ƙungiyoyi masu bindiga. Yawancinsu ba don mutane aka gina su ba: ɗakunan ajiyar kaya ne masu rufin kwano, babu tagar kirki. Abinci ɗan burodi ne da taliya, wani lokaci sau ɗaya a yini, faranti ɗaya ga mutum biyar ko shida. Ruwan sha mai gishiri. Bandaki ɗaya ga taron jama'a, wani wurin bokiti ne a kusurwa. Ƙazwa, ƙwarƙwata, zawo, tarin fuka. A gidan Zintan kaɗai, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 22 sun mutu tsakanin Satumbar 2018 da tsakiyar 2019, akasari da tarin fuka, cutar da ake warkarwa da ƙwayoyin wata shida. Abin da ake yi wa mata a waɗannan wurare, albarkacin iyayen da ke zaune ba zan fayyace shi ba, amma yana rubuce a rahotannin Majalisar, kuma maza ma ba su tsira ba.

A daren 2 ga Yulin 2019 jirgin yaƙi ya jefa bom a gidan tsarewa na Tajura, gabas da Turabulus, ya kashe aƙalla mutum 53. An ajiye su ne a cikin harabar soja, dab da wurin kayan yaƙi, ƙofa a kulle. A farkon Oktobar 2021 jami'an tsaro suka yi wa unguwar Gargaresh ta Turabulus ƙawanya suka kwashe sama da mutum 5,000, aka cusa dubbai a gidan da ake kira Mabani. Mako guda bayan haka masu gadi suka buɗe wuta, mutum shida suka mutu. Ku tuna a ina muke a wannan wata. Tun farkon Satumba an rufe layukan waya a Zamfara. Da a ce ɗan Jangebe yana cikin Mabani ya sami aron waya na minti ɗaya, da kiransa bai shigo ba.

To, yaya ake fita? Da kuɗi. Wannan shi ne gishirin zancen. Tun daga Saba akwai gidan bashi: dillali ya ɗauko yaro daga Agadas a kan zai biya in ya isa, ya isa ba shi da ko sisi, sai a sayar da bashin ga mai gida, a kulle shi. A miƙa masa waya a ce kira gida, ana dukansa yana magana, don uwa ta ji kukan da kunnenta. A Bani Walid haka. Gidajen hukuma ma ana sayen fita. Wanda ba shi da mai biya a ba da hayarsa gona ko wurin gini ba lada. A Nuwambar 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna bidiyon da ake gwanjon mutane a kan dala 400, duniya ta yi ca, gwamnatin Buhari ta aika jirage a farkon 2018 aka kwaso dubbai. Bidiyo kuma, kun gani.

Ba sai na yi wa mutanen wannan yanki bayanin irin wannan kiran waya ba. Kun san muryar da ke cewa a kawo kaza kafin Juma'a. Kun san sayar da gona da rana tsaka, da karo-karo a masallaci. Bambancin kawai, wanda ke kira daga dajinmu sunansa ɗan bindiga, wanda ke kira daga Zawiya ta Libiya wani lokaci yana sanye da kaki, yana karɓar albashi. Ba ƙage na yi ba. A 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa takunkumi kan kwamandan masu gadin teku na Zawiya, Abdurrahman Milad, wanda aka fi sani da Bija, saboda hannu a fataucin mutane. A Maris 2023 kwamitin bincike na Majalisar ya ce akwai hujjar yarda cewa abin da ake yi wa baƙi a Libiya ya kai laifin cin zarafin bil'adama. Turai ma tana da kaso. Tun yarjejeniyar Italiya da Libiya ta Fabrairun 2017 ake ba masu gadin tekun jiragen ruwa da horo don su tare mutane a Bahar Rum. A 2021 sun komo da sama da mutum 32,000. Ina aka kai su? Waɗannan ɗakuna. Kuma in aka kwatanta yawan waɗanda aka sauke a gaɓa da yawan waɗanda ke cikin gidajen hukuma, lissafi ba ya haɗuwa, dubbai sun ɓace a tsakani.

Doka ba ta yi shiru ba. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin 'yan ci-rani da iyalansu, wadda Libiya da Aljeriya da Nijar da Nijeriya duk suka shiga. Sashe na 17 ya ce wanda aka tsare saboda takardu a raba shi da masu laifi gwargwadon iko, kuma in an tsare shi don bincikar takardunsa ba zai biya kuɗin tsarewar ba. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam ta 1981 ta haramta korar baƙi jumla. Yarjejeniyar Viyana ta 1963 ta ce baƙon da aka kama yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema. Addininmu ya riga su: ɗan hanya yana da rabo a zakka, an yabi masu ciyar da kamamme, kuma malamai sun sha karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci. Duk ƙasashe ukun da na ambata na Musulmi ne. Wannan ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damun mu.

Mu ma hannunmu ba wanke yake ba. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi kwana 14 su fice, Hausawan zango da Yarabawa suka dawo da abin da kai ya iya ɗauka. A Janairun 1983 muka rama fiye da abin da aka yi mana: gwamnatin Shagari ta ba baƙi mako biyu, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, har da maƙwabtanmu 'yan Nijar. Kafin nan, a 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Barno, aka tsallaka da shi Cadi a kan wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. Kuma tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suke gudun hijira a jihar Maraɗi, ƙauyukan Gidan Runji suka raba gero da su, babu wanda ya kulle su a ɗakin kwano. Wanda ya ci wannan alheri bai kamata ya tsangwami ɗan Nijar mai ga-ruwa a kasuwar Mafara ba.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na yarda in yi wannan magana a Jangebe, ba a Gusau ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'ya'yanku daga makarantar sakandaren 'yan mata. Da farko an ce 317, daga baya aka tabbatar 279, kuma ranar 2 ga Maris suka iso Gusau. Ba zan taɓa wannan ciwo fiye da haka ba. Amma me ya sa aka iya gardama a kan adadi? Saboda akwai rajista. Kowace yarinya tana da suna, da aji, da uban da ya tsaya a ƙofar makaranta ya ƙi tafiya. Duk misalan da na kawo yau abu ɗaya suke nunawa: abin da ke sassauta wa tsararre, ko ya buɗe masa ƙofa, shi ne mai gadi ya san akwai wani a waje da ke riƙe da sunan nan yana tambaya. Wane mai unguwa ne a ƙasar Mafara ko Bakura ko Maradun zai iya miƙo mana yau jerin samarin unguwarsa da suka tsallaka iyaka, da garin da aka ji su na ƙarshe?

Ga Bahaushe wannan ya fi tsanani, don harshenmu ba ya nuna ƙasarmu. Mai jin Hausa a Tarhil yana iya zama ɗan Nijeriya, ko Nijar, ko Gana, ko Cadi, ko jikan waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903 suka zauna Mai Wurno a Sudan. Wasu a Makka aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ba. Ƙasar da ta kama mutum ba za ta sa shi jirgi ba sai ofishin jakadanci ya tabbatar nasa ne ya ba shi takardar tafiya ta gaggawa. In fasfo ya ɓace ko yana hannun kafili, wannan tantancewa kaɗai tana iya cinye watanni. Hoton fasfo ɗaya, ko lambar katin ɗan ƙasa da aka bari a gida, yana rage wannan zama.

Ba zan ce wa matasa kada su tafi ba. An sha faɗa musu, kuma wanda ke faɗa yawanci ya ƙoshi. Abin da zan ce, kada a tafi a ɓoye. A bar hoto da kwafin takardu wurin uwa ko yaya, a bar sunan dillali da lambarsa, a ƙi tafiyar bashi ko da dillalin ya rantse da Alƙur'ani. In kiran nan ya zo, ba na zargin uwar da ta sayar da akuyarta ta biya, amma ta sani ana biya a sake sayar da yaro ga wani gida, don haka a rubuta lambar da ta kira da rana da sunan garin, a kai wa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, tana da ofis a Sakkwato, da hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje, NiDCOM, da ƙungiyar Red Cross mai sashen neman waɗanda suka ɓace. A kai wa ɗan majalisar da ke wakiltar Bakura da Maradun ko Anka da Talata Mafara a rubuce, a karɓi shaidar ya karɓa. Nijeriya tana da ofisoshi a Jidda da Riyad da Turabulus da Aljas. Kuɗinku ke riƙe da su, kuma takardar da ta fito daga ofishin ɗan majalisa ba ta kwana a tire kamar ta talaka.

Sai waɗanda suka dawo. Mun saba yi musu dariya, a ce ya je Libiya ya dawo da silifas, ko a riƙa kallon 'yar Tarhil da wani ido. Shi ya sa suke shiru, alhali su kaɗai suka san waye aka bari a ɗakin. Kowanensu ya fito da sunaye a kansa: wane ɗan Shinkafi yana tari, wane ɗan Ƙaura an ɗauke shi da dare ba a dawo da shi ba. In akwai irinsu a wannan taro, ba sai kun tashi a gaban jama'a ba. Ina roƙon Allah-gafarta Liman da mai girma Hakimi su ware mutum biyu amintattu, namiji da mace, masu riƙe sirri, su zauna da littafi bayan sallar La'asar. Ku je ku faɗi sunan, da garinsu, da ginin da kuka rabu, da watan.